Kafin Ka Sayar da Hula da Sunan Babanka

Zuwa ga Autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka isa Kaduna lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya haɗa ka da maƙwabta na kirki. Mu nan Dutsin-Ma sai godiya, sai kuma kewa. Allah Ya jiƙan babanka, Ya yalwata mashi kabarinshi.

Wannan takarda na tura ta cikin jakarka ƙarƙashin riguna, tare da wani ƙunshi. Kada ka kwance ƙunshin sai ka gama karatu. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu aka cire ni. Bakina ya fi hannuna iya magana, amma wannan duk sanda na buɗe baki zan faɗa maka sai kuka ya riga ni.

Duk tsawon takabata kana zaure da kwamfutarka, a daidai inda babanka yake zama da allurarshi. Ranar da ka shigo ka ce, "Inna, zo ki ga shagonmu," na ce shago a ina? Ka ce, "Ga shi nan a intanet. Ni na gina shi da hannuna, ba haya muke ba, ba mai tashinmu." Ran nan na fara dariya tun rasuwar. Na ga hulunan babanka jere kamar a rumfa, na ga sunanshi a can sama da manyan baƙaƙe, sunan da tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kira da bakina ba. Na yi alfahari da kai, kuma har yanzu ina yi.

Abu biyu ne suka tsaya mani a rai. Ƙarƙashin kowace hula ka rubuta cewa ɗinkin hannun Malam ne. Na ce maka, "Auta, in hulunanshi na cikin akwatin nan suka ƙare fa?" Ka ce, "Inna, akwai masu ɗinki a Kurfi, zan ba su zanen Baba su kwaikwaya. Wanda ke Legas ina zai gane?" Sannan ka karanta mani tarihin da ka rubuta mashi, inda ka ce ya riƙe sana'arshi duk da ciwon idon da ya same shi tun yana da sauran ƙuruciya. Ka ga na tashi na shiga ɗaki, ka zaci kewa ce. Akwai kewa, amma ba ita kaɗai ba. Waccan maganar taka ta ina zai gane, ni na fara faɗinta, tun ba a haife ka ba.

Bari in ɗauko maka daga farko.

An kawo ni daga Kurfi a shekarun da naira take sabuwa a hannun mutane. Gidanmu gidan fataken hatsi ne, da ciniki muka buɗe ido. Babanka kuwa in ka ce mashi nawa hular nan, sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Ba a daɗe ba ya ce mani, "Rabi, ke 'yar kasuwa ce, ni allura na sani. Ni in ɗinka, ke ki san yadda za ta fita." To ni ina cikin gida, ba na ganin mai saye, shi ma ba ya ganina. Hula takan bar zaure ta je wurin mai wanki, daga can ta wuce rumfar hatsin kawunka Sule a kasuwa, saƙon masu so kuma ta bakinshi yake zo mani. Ka ga ke nan wannan cinikin naka na bayan labule ba baƙo ba ne a wurina. Na yi shi, kuma na san inda yake kayar da mutum.

Kuskurena na farko abin dariya ne. Akwai wani Malam Bitrus, Kirista ne daga kudancin Zariya, ma'aikaci cikin waɗanda suka zo lokacin da aka fara aikin dam. Mutum mai fara'a, in ya biyo zaure yakan ce, "Malam, wannan allurar taka ta fi biro ɗina ilimi." Yana son ya aika ma tsohonshi hula. Sai ya sa aka auno kan tsohon da zare, aka ƙulle daidai wurin, aka turo. Zaren ya zo hannuna, na ajiye a bakin taga, da na tashi ɗaure bakin buhun gero sai na ja shi na ɗaure. Da babanka ya tambayi awo, kunya ta hana ni faɗi, na ce, "Ai kan tsoho ne, yi mashi matsakaiciya." Bayan Kirsimeti Malam Bitrus ya dawo yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, Baba ya gode, amma ya ce a tambaye ka, hular ta kai ce ko ta kunne? Don a kunne ta sauka, sai da ya ɗaga ta yake ganin hanya." Babanka ya ɗinka wata. Malam Bitrus bai yi fushi ba, amma bai sake aiko da zare ba.

Auta, mai saye a shafinka ba zai iya gwada hula a kanshi ba. Ka koya mashi awo a nan cikin shafin, da hoto, yadda zai zagaya kai da tef ɗin tela, da inda tef ɗin zai bi a goshi. In ya turo lambar awonshi ka riƙe ta da daraja, kada ka yi kintace. In kuma ta je ba ta zauna ba, ka karɓa ka canza mashi ba tare da ɗaure fuska ba, kuma ka rubuta hakan a fili tun kafin ya saya.

Haka wata shekara na aika huluna Funtuwa a motar hatsi, na naɗe su cikin tsumma na cusa kusa da kwandon daddawar da wata ta ba da saƙo. Mai kayan ya aiko cewa in ya shiga sahu mutane sai su fara waige-waige suna neman inda ake miya. Yanzu ina dariya, a lokacin kuka na yi. Ka nemi kwali mai ƙarfi, ka sa hula a leda kafin kwalin, ka je tasha da ƙafarka ka ga inda direba zai ajiye. Wanda ya buɗe kwalin ba ya ganin direba, kai yake gani.

Waɗannan duk ƙanana ne, an yi an wuce. Ga wanda bai wuce ba.

Lokacin da soja suka sauka aka dawo siyasa, hula ta yi tashe. Kowane ɗan takara yana so, 'yan rakiyarshi suna so, ga kuma Sallah ta matso. A lokacin babanka ya riga ya yi suna. Abin da aka san shi da shi ba zanen waje ba ne, wannan wasu ma sun iya. Cikin hular ne. Ka san mai sayen hula na gaske ba ya tsayawa kallon ado, juya ta yake ya duba bayan ɗinkin. Babanka ba ya barin ƙulli ko ɗaya. In zare ya ƙare sai ya shigar da bakinshi ƙarƙashin ɗinkin ya ɓace, ka shafa da yatsa ba za ka ji komai ba. Mutane sukan ce hular Malam ko a juye ka sa ta ka tafi Juma'a.

Saƙo ya riƙa zuwa ta bakin kawunka Sule, ni kuma ina cewa to. Wannan to, wancan to. Ban taɓa ce ma kowa babu ba, don a gidanmu ba a koya mana mayar da mai saye ba. Hannu ɗaya ne ke ɗinkin, kuma hula ɗaya takan ci mashi makonni. Na san haka sarai, amma na ci gaba da amsawa.

Shi ya sa gabana ya faɗi da ka ce mani shagonka ba ya rufewa, ko kana barci yana karɓar oda. Shagon da ke cewa to mai shi yana barci, ni na san inda yake kaiwa. Ka nuna mani wurin da ake rubuta yawan kayan da suka rage. Abin da ke hannunka shi za ka rubuta a wurin, ba wanda kake sa ran za a ɗinko ba. In ta ƙare, shafin ya ce ta ƙare. In ta jira ce, ka faɗa ma mutum gaskiyar lokacin da ɗinkin hannu ke ɗauka, wanda zai iya jira ya jira.

Da na ga Sallah ta ƙarato alkawari ya fi ƙarfinmu, sai aka yi wani suna a Wurma, dangin mahaifiyata. Na ɗauki ƙyallayen da babanka ya riga ya zana bai fara ɗinkawa ba, na ɓoye cikin kayana. A can akwai Hajo, 'yar ƙanwar innata, wadda ke ɗinkin hula a ɗakinta. Na ce ta yi mani irin na Malam sak, kuma da sauri. Ta ce, "Rabi, hannun kowa fa daban ne." Na ce, "In an wanke an sa sitaci an ɗora a gungume, mai saye ina zai gane?" Ka ji ko? Maganarka ce, baƙi da baƙi.

Ta ɗinka, ita da maƙwabtanta. Na haɗa da na babanka na aika wanki, suka wuce rumfar Sule a matsayin ɗinkin Malam. Shi Sule bai sani ba. Babanka ya nemi ƙyallayenshi, na ce ƙila ɓera ne ya ja.

Bayan Sallah, ranar kasuwa da la'asar, ina bayan ƙofar zaure ina tsince shinkafa, sai na ji sallamar Alhaji Mati. Dillalin shanu ne daga Kuki, dattijo mai son babanka, ba ya sa hular kowa sai tashi. Suka gaisa, ya zauna. Sai na ji ya ce, "Malam, ban zo da faɗa ba, wallahi. Hular nan da na ɗauka wurin Sule ce." Na leƙa ta tsagar ƙofa na ga ya juya ta a kan gwiwarshi. Ya ce, "Dubi ƙulle-ƙullen nan, har susa suke sa ni. Kai da ba ka barin ko ɗaya." Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, tsakanina da kai, ko idon ne ya fara?"

Babanka ya karɓi hular ya daɗe yana kallonta. Ya gane zanenshi, ya kuma gane ba hannunshi ba ne. Na san ya san ina bayan ƙofa, don yana jin ƙarar faifaina, kuma ya ji sanda ta tsaya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Alhaji, a sa mu a addu'a. Bar ta nan, zan yi maka wata."

Alhaji Mati ya tashi yana ta salati, yana cewa, "Yaro da kai! Allah Ya kawo sauƙi." Ba da mugunta ya baza maganar ba, da tausayi ya baza ta. Duk wanda ya gamu da shi a kasuwar Kuki da ta nan sai ya ce a yi ma Malam addu'a, ido ya taɓu. Ranar kasuwa ta gaba ya aiko da hantar sa, wai tana ƙara gani. Wata Hajiya ta aiko da kwallin Makka. Wani ya kawo rubutu a wanke fuska da shi. Babanka yana karɓa yana godiya, ni ina dafa hantar ina kuka.

Da fushi suka yi, da an ba su haƙuri sun dawo. Amma tausayi ne, kuma ba a musu da mai tausayinka. Manyan mutane suka daina kawo aiki mai wuya, wai kada a wahalar da shi, suka koma kai nasu birnin Katsina. Ko sabuwar da ya ɗinka ma Alhaji, wadda ba ta da aibu ko ɗaya, cewa Alhajin ya yi, "Allah sarki, ya matsa ma kanshi don ni. Ba zan sake ɗora mashi ba." Shekarun da suka biyo baya, har aka ba mu jiharmu ta Katsina, rabin abincin gidan nan daga wankin hula ya fito. Mutumin da ake layi don ɗinkinshi ya koma wanke na wasu.

Ran da Alhaji ya zo, bayan ya tafi, na durƙusa gaban babanka na faɗa mashi komai. Na ce, "Malam, bari in aika Sule ya gaya ma Alhaji gaskiya." Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Rabi, in an ce idona ya mutu, ni kaɗai aka faɗa. In an ce matata ta yi algus da sunana, an faɗe ki, an faɗi Sule a rumfarshi, an faɗi 'yan matan nan namu da ke wasa a tsakar gida. Bar shi a idona." Ya ɗauki allurarshi ya zura zare, sau ɗaya ya shiga. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Auta, babanka bai taɓa ciwon ido ba. Kai shaida ne, har watan da ya kwanta ba da tabarau yake karatun Alƙur'ani ba, kuma bai taɓa miƙo ma kowa allura a zura mashi ba. Kun taso kuna jin mutanen gari suna faɗi, kuka ɗauka, ni kuma na bar ku. Yanzu ga shi ka rubuta ma duniya. Ka goge wannan layin, don Allah. Ba sai ka sa labarina a wurin ba, shi ya rufa mani asiri kuma ba zai so a tone ba. Amma kada ƙaryar da na jawo mashi ta bi shi har intanet.

Akwai kuma haƙƙin Hajo. Cikin zafin abin na tafi Wurma da hular, na jefa mata a cinya na ce, "Dubi aikinki, kin kashe mu." Ta juya ta ta duba, ta miƙo mani. Ta ce, "Rabi, cewa kika yi in yi irin na mijinki, kuma in yi kafin Sallah. Ba ki taɓa cewa in yi maki irin nawa ba." Ta shiga ɗaki ta fito da wadda ta ɗinka ma maigidanta a natse. Ba irin ta babanka ba ce ko kaɗan. Ta haɗa kore da ruwan goro da wani ja mai duhu, haɗin da babanka ba zai taɓa yi ba, amma wallahi in ka gan ta sai ka sake kallo. Tana da ƙulli a ciki, ƙanana, jere a tsare, irin nata. Da na kai wannan rumfar Sule na ce ɗinkin Hajo ta Wurma ce, da ta samu masu sonta. Ni na ɓoye ta a bayan sunan wani, da abin ya lalace kuma na ɗora mata. Ta rasu ban nemi gafararta yadda ya kamata ba.

'Ya'yanta mata da jikokinta suna nan a Wurma, har yau suna ɗinki. Ban hana ka aiki da masu ɗinkin Kurfi ba, kuma in za ka ji tawa, ka ƙarasa Wurma ma. Amma kowace hula ka rubuta wanda ya ɗinka ta. In mace ce ba ta son sunanta a fili, ka tambaye ta abin da za a sa, ko da sunan garinsu ne. In zanen babanka aka bi, ka ce zanen Malam ne, ɗinkin wane. Na cikin akwati su kaɗai ne ɗinkin hannunshi. In sun ƙare sun ƙare, kuma ka faɗa ma mutane cewa mai su ya rasu, ƙila wani ya yi mashi addu'a.

Sannan hotunan. Na ga kana ƙara masu haske har wadda take ruwan zuma ta koma ruwan ƙwai. Ka bari, ka ɗauka da rana a inuwa yadda take. Kuma duk hotunanka na waje ne. Mutumin Legas ba shi da hannun da zai miƙo ya juya hula, to kai ne hannunshi. Kowace ɗaya ka juya ta ka ɗauki cikinta, ka sa kusa da na wajen. Mai ƙulli a ga ƙullinta, marar ƙulli a gani. Ka ce ina zai gane. Zai gane, Auta. In shi bai sani ba, akwai tsoho a gidansu ko a masallacinsu da zai karɓa ya juya. Kuma a wannan karon babanka ba ya zaure balle ya ce a bar shi a idonshi.

Yanzu kwance ƙunshin. Hula biyu ce. Mai tsohon sitacin ita ce wadda Alhaji Mati ya maido, tana ƙasan akwatina tun ran nan. Ɗayar ita ce babanka yake kan ɗinkinta lokacin da ciwo ya kwantar da shi, ka ga allurar tana jiki inda ya tsaya, kada ka zare ta. Ba ta sayarwa ba ce ko ɗaya. Ka juya su duka biyun ka shafa da yatsanka, sannan ka buɗe kwamfutarka.

Ka yi wannan kafin kwali na farko ya bar hannunka. In ka gyara, ka kira ni ka karanta mani abin da ka rubuta, a hankali yadda zan gane. In kuma ka ga ba za ka iya ba, ciniki ba zai tafi haka ba, to ka kira ni duk da haka, ni uwarka ce, ba abin da zai canza. Sai dai ka sauke sunanshi daga saman shafin ka sa naka.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci, kada kwamfuta ta hana ka barci. Yayyenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa albarka a shagon nan da ka gina. Allah Ya gafarta ma babanka da Hajo, ni kuma Ya yafe mani. In ka idar da salla ka sa mu mu uku.

Wassalam.

Innarka,
Rabi